Waya ko roba: wanne ya dace da haƙoran ɗiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Mabera nake rubutowa, nan cikin Sakkwato. Ɗiyata shekararta 14, haƙoranta na sama sun cunkushe, fiƙa ɗaya ta fito can bisa dasashi ta hau kan 'yan uwanta. Yanzu ko dariya za ta yi sai ta ja hijabi ta rufe baki. Na ce a sa mata waya, ta ce kunya take ji, ita robar nan da ba a gani take so, irin wadda take gani a Instagram. Sannan ƙanwata mai shekara 27, malamar makaranta ce, tana son gyara nata na ƙasa da suka ɗan karkace. Wanne ya fi tsakanin waya da roba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana ita, ya yi mata albarka. Maganar jan hijabin nan ita ta fi tsaya mini a rai, domin yarinyar da ta fara ɓoye dariyarta tun tana shekara 14 abin ya kai mata inda ya kai, kuma kin kyauta da ba ki ce mata "ai haka Allah ya yi ki" kin bar zancen ba.

Bari in ba ki amsar tun daga farko, dalilai su biyo baya. Bisa ga yadda kika siffanta bakin ɗiyarki, waya ce ta fi dacewa da ita. Ƙanwarki kuwa, in dasashinta lafiya lau yake kuma karkatar ba ta da yawa, roba za ta iya yi mata aiki. Sai dai wannan hasashe ne daga rubutu. Ba a yanke hukunci sai an buɗe baki an duba, an ɗauki hoton ƙashi an ga saiwoyin da ido ba ya gani.

Akwai abin da in kika fahimce shi, sauran bayanin duk zai zo miki da sauƙi. Haƙori ba kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wasu siraran zaruruwa da suke riƙe da shi. Idan aka tura haƙori a hankali kuma ba a saki ba, ƙashin da ke gefen da ake turawa sai ya riƙa narkewa kaɗan kaɗan yana ba da hanya, a bayansa kuma jiki ya riƙa gina sabon ƙashi yana cike gurbin. Tafiyar ba ta wuce kusan milimita ɗaya a wata. Waya da roba duk wannan hanyar suke bi, babu wadda ta zo da wata dabara ta daban a cikin jiki. Sharaɗin kawai shi ne turin ya zama mai laushi kuma ya dawwama. Da zarar an saki na tsawon lokaci, haƙori sai ya fara komawa inda ya fito. To a nan ne su biyun suka rabu: waya tana manne a baki dare da rana, ko yarinya ta tuna ko ta manta aiki na tafiya. Roba kuwa sai tana cikin baki take aiki, in tana cikin jaka ko ƙarƙashin matashin kai, babu abin da ke motsi.

Ita waya, ana manna wa kowane haƙori ɗan ƙaramin maɓalli na ƙarfe, a zura siririyar waya ta ratsa su duka, a ɗaure da 'yan zobban roba. Wayar farko yawanci ta haɗin ƙarfen nikel da titaniyum ce, wadda ko an lanƙwasa ta sai ta nemi komawa siffarta ta asali, kuma wannan neman komawar ne yake jan haƙoran zuwa layi. Ana dawowa asibiti duk bayan mako 4 zuwa 8 a sauya waya ko a ƙara ɗaurewa, kuma yawancin aiki yakan ɗauki wata 18 zuwa 24. Tsohuwar hanya ce da aka daɗe ana gogewa a kanta. Tun 1899 wani likitan Amurka, Edward Angle, ya kasa matsalolin cizo gida uku, kuma har gobe da rabonsa muke amfani idan muna rubuta abin da muka gani a bakin mara lafiya. Ƙarfin waya shi ne ta kama haƙori kamun gaske: tana iya juya shi, ta jawo shi ƙasa, ta tura shi sama, ta tafi da shi har da saiwarsa.

Roba kuwa sabuwar zuwa ce. Wadda ta fi suna ita ce Invisalign, ta kamfanin Align Technology da aka kafa a Amurka a 1997, ta shiga kasuwa a 1999, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yin irinta. Ana ɗaukar siffar haƙora da na'ura ko da wani ƙullu da ake cizawa, kwamfuta ta tsara tafiyar kowane haƙori mataki mataki, sannan a ƙera jerin kwasfa na roba garai-garai, kowace ta ɗan bambanta da wadda ta gabace ta. Kowace kwasfa tana matsar da haƙori kusan rubu'in milimita, ana sa ta mako ɗaya ko biyu a wuce zuwa ta gaba. Dole ta zauna a baki awa 20 zuwa 22 kullum. Abin da hotunan Instagram ba sa nunawa shi ne, a mafi yawan lokuta sai an manna wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu launin haƙori a jikin haƙoran domin robar ta sami abin kamawa, wani lokaci har da zaren roba da ake ratayawa daga sama zuwa ƙasa. Daga nesa ba a gani, wannan gaskiya ne. Wanda ke zaune kusa da ke zai lura.

Yanzu mu dawo kan fiƙar ɗiyarki, domin ita ce ta yanke mini shawara. Fiƙar sama takan fito wajen shekara 11 zuwa 12, bayan maƙwabtanta sun riga sun zauna. In muƙamuƙi ya yi ƙaranci, sai ta iske an cinye mata wuri, shi ya sa take ɓullowa can sama. Ita ce ta fi kowane haƙori tsawon saiwa, ga jikinta a mulmule. Jawo haƙori ƙasa da kuma juya mulmulallen haƙori su ne ayyuka biyu da roba ta fi rauni a kansu, don santsi take yi ta zame, kamar mai son ɗaga tulu da hannu mai sabulu. Kuma kafin fiƙar ta sauko sai an samar mata wuri. Wani lokaci faɗaɗa jerin ya isa. Wani lokaci kuwa sai an cire ɗaya daga ƙananan turamen da ke bayanta, dama da hagu, a ja sauran su cike giɓin. Rufe irin wannan giɓi yana buƙatar haƙori ya tafi a tsaye da saiwarsa. Roba takan kwantar da kan haƙorin ne ya faɗa cikin giɓin saiwa na baya, sai a gama a ga jeri ya yi kyau a ido amma cizo bai zauna ba. Ƙwararre yana iya yin irin wannan aiki da roba, amma da wahala, da ƙarin kwasfa, kuma sau da yawa sai an ƙarasa da waya.

Ina roƙonki abu ɗaya, kada ki yarda kowa ya ce a cire fiƙar ita kanta don a huta. Na sha ganin haka, kuma asara ce. Fiƙa ce ke riƙe da kusurwar baki, ita ke jagorantar muƙamuƙi idan ana tauna. Sannan ki lura da ɗaya gefen: kin ce fiƙa ɗaya ta fito, ina ɗayar? In har yanzu ta yarinta ce a wurin ba ta yi famfara ba, mai yiwuwa babbar tana kwance cikin ƙashi, kuma irin wannan kwantacciyar fiƙa tana iya cin saiwar haƙorin da ke kusa da ita ba tare da ciwo ba. Hoton ƙashi kaɗai ke nuna wannan. Shekarunta kuwa daidai suke, ƙashi na kan girma, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ko da a ce bakinta irin wanda roba za ta iya ne, da sai na tambaye ki halinta. Ki lissafa awa 22 a rayuwar gidajenmu. Abin da ya rage awa biyu ne, a cikinsu za a yi kalaci na safe da na rana da na dare, a goge baki bayan kowanne kafin a mayar da roba. Ba a sha komai da ita a baki sai ruwa zalla mai sanyi. Shayi mai zafi yana lanƙwasa ta. Zoɓo, kunun aya, fura, lemun kwalba, duk sai an cire, domin in zaƙi ya shiga ƙarƙashin roba ya kwanta a jikin haƙori, miyau ba ya isa wurin ya wanke, tsutsar haƙori ta sami ɗaki. Ki tuna watan Afrilu a garin nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yaro yana dawowa makaranta abin da ya fara samu mai sanyi shi zai kai baki. Wata baiwar Allah da nake dubawa ta bar kwasfarta a gaban mota ta shiga gidan suna. Da ta fito robar ta murɗe kamar busasshen ganye, ta zo mini da ita a tafin hannu idonta cike da ƙwalla. Wata kuma a wajen biki ta naɗe tata cikin takarda ta ajiye gefen faranti, masu kwashe kwanuka suka haɗa da ita. Waɗannan manya ne masu hankali da suka biya da kuɗinsu. Kuma in kwasfa ta ɓata, ba a Kasuwar Shehu Shagari ake sayo wata ba. Daga waje ake ƙero ta, kafin ta iso makonni sun wuce, haƙoran kuma ba sa jira. In an ci sa'a ta baya tana nan sai a koma mata a riƙe wuri, shi ya sa nake hana kowa zubar da tsohuwar kwasfa.

Da azumi abin yakan juye. Da rana roba ba ta da matsala ko kaɗan, tana zaune daga asuba har magariba. Daga shan ruwa zuwa sahur ne ake ɓarna, a cire don dabino da kunu, a ce sai an dawo tarawihi a ci abinci, daga nan a ɗan taɓa wannan a taɓa wancan, kafin a farga awa biyar sun tafi.

Kada kuma in sa ki ɗauka waya daɗi gare ta. Kwana uku zuwa biyar na farko haƙora suna tsami, tauna tuwo ma sai a hankali, kuma haka za a ɗan riƙa ji duk ranar da aka ƙara ɗaurewa. Farasitamol ya isa. Maɓallan suna goge cikin leɓe da kumatu har su yi ɗan gyambo kafin baki ya saba, akwai wani kaki da muke bayarwa a liƙa a kan wurin da ke suka, da kurkure baki da ruwan ɗumi mai gishiri. Sannan za ta yi bankwana da wasu abubuwa har a gama: rake, goruba, busasshiyar aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, tauna ƙanƙara, gwaguyar ƙashi, alawa mai danƙo. Kilishi da tsire sai an yayyanka ƙanana a tauna da turame. Duk maɓallin da ya ɓalle, haƙorin nan ya fita daga aiki har sai an sake mannawa, kuma ɓallewa biyu ko uku sun isa su ƙara watanni.

Babban abin da nake tsoro da waya shi ne ƙazanta. Abinci yana maƙalewa kewaye da maɓallai, in ba a goge da kyau ba, ranar da aka cire waya sai a ga fararen tabo sun zagaye inda kowane maɓalli ya zauna. Wannan farkon ruɓewa ne, kuma ba ya gogewa da sauƙi. Don haka buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid safe da dare wajibi ne, da ɗan siririn buroshin da ke shiga ƙarƙashin waya. Asuwaki yana da kyau ga dasashi da bayan haƙora, amma shi kaɗai ba ya shiga lungunan maɓalli, kuma in aka dirje da ƙarfi yana iya ɓalle su. Ina yawan ce wa yara su haɗa duba bakinsu da alwala, tunda sau biyar ake kurkure baki a yini, a ƙara minti ɗaya a gaban madubi. In ɗiyarki tana cikin waɗanda kunnensu ke ƙaiƙayi ko ya yi ruwa idan sun sa ɗan kunne na ƙarfe mai araha, ki faɗa wa likita tun farko, alama ce ta rashin jituwa da nikel, kuma akwai kayan da ba su da shi.

Maganar kunya kuma kada a yi mata dariya a kai, kada kuma a yi mata dole. Yarinyar da aka sa wa waya tana kuka ba za ta goge baki ba, kuma ita za ta cutu. Ki zo da ita a nuna mata hoton bakinta, ta ga inda fiƙar take da inda ake son kai ta, a yi mata bayani ita kanta ba ta bakinki ba. Akwai tsaka-tsaki: maɓallai na tangaran masu launin haƙori, waɗanda ba sa ɗaukar ido kamar na ƙarfe. Sun fi tsada, sun fi saurin fashewa, kuma fararen zobban robar da ake ɗaure su da su miyar manja da kori suna mayar da su rawaya kafin ranar sauyi. Abin da na gani shi ne yawancin 'yan mata bayan wata guda sun manta da kunyar, har su ke zaɓar launin zobban da za a sa musu ya dace da kayan Sallah.

Ƙanwarki labarinta daban ne. Ƙaramar cunkushewa a haƙoran gaba na ƙasa ita ce irin aikin da roba ta fi iyawa, kuma babba ce da ta nema da kanta, tana tsayawa gaban aji kullum, dalilinta na son abin da ba a gani dalili ne mai ƙarfi. Girma ba ya hana gyara, sai dai ƙashin babba ya fi jinkirin amsawa. Kafin komai a duba dasashinta. In yana jini idan ta goge, ko akwai dattin da ya daskare a gindin haƙora, sai an wanke an warkar tukuna, domin tura haƙori a cikin ciwon dasashi yana cinye ƙashin da ke riƙe da shi. In tana da ciwon suga sai ya daidaita, in tana da juna biyu ta faɗa kafin a ɗauki hoto. Ta kuma sani cewa wataƙila a ɗan goge tsakanin haƙoran, ƙasa da rabin milimita, don a sami wuri, ba ya ciwo. Kwanakin farko harshe zai ɗan yi tuntuɓe a kan "s" da "sh", za ta ji shi a aji da wajen karatun Alƙur'ani, amma yakan wuce cikin mako guda ko biyu. In mai cin goro ce ko mai kurɓar shayi a ofishin malamai duk tsakanin darasi, ta yi wa kanta gaskiya tun yanzu.

Ta fuskar kuɗi, roba ta fi tsada a nan, domin da dala ake biyan masu ƙera ta, kuma kin san yadda canji ya koma tun 2023. Waya yawanci ana iya biyanta kashi kashi yayin da aiki ke tafiya. Ko wacce aka zaɓa, ki tambaya a rubuce: kuɗin ya haɗa da hotuna da cire haƙori? In maɓalli ya ɓalle ko kwasfa ta ɓata nawa ne? In jerin kwasfa ya ƙare haƙora ba su gama zama ba, ƙarin da za a ƙero wa zai biya? Ki kuma tambayi wa zai riƙa ganinta duk wata. Ƙwararrun gyaran jerin haƙora ba su da yawa a Arewa, wasu zuwa suke yi daga wani gari lokaci lokaci. Ku da ke Mabera da sauƙi. Wanda zai taso daga Illela ko Isa ko Tambuwal, kuɗin mota na shekara biyu yana cikin lissafi, kuma a nan roba tana da ɗan rangwame tunda ana iya ba da kwasfa da yawa a tafi da su. In makarantar kwana take, a tsara ranakun da hutu da ranar ziyara tun kafin a manna komai.

Abubuwa biyu nake so ki nisanta. Na farko robar da ake saya ta intanet, a aiko da ƙullu mutum ya ciza a gida ya mayar, ba likitan da ya taɓa ganin bakinsa. Babban kamfanin da ya yi suna da wannan a Amurka, SmileDirectClub, ya rufe a Disambar 2023, ya bar mutane a tsakiyar aiki. Na biyu wayar ado, wadda ake manna wa 'yan mata a shagon kwalliya. An taɓa kawo mini wata yarinya da aka manna mata da gam ɗin da ake liƙa takalmi, dasashinta ya kumbura ya rufe rabin maɓallan, haƙoranta biyu na gaba da a da suke daidai sun buɗe suna girgiɗi. Waya ko ta wasa ce tana tura haƙori, sai dai ba wanda ya san inda take kai shi. Duk wanda zai taɓa bakin ɗiyarki ya zama likitan haƙori mai rajista da MDCN, hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori a Najeriya, kuma ba laifi ba ne ki tambaye shi ko ya yi horo na musamman a kan wannan fanni. Kina iya farawa da sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a duba ta, a ɗauki hoto, a nuna miki wanda ya dace ku gani.

Ranar cire waya ko gama kwasfa ta ƙarshe ba ita ce ƙarshen aiki ba, kuma gara su biyun su ji wannan tun yau. Zaruruwan nan da ke riƙe da haƙori suna daɗewa suna ja zuwa tsohon wuri. Don haka ake ba da abin riƙo, ko dai siririyar waya da ake mannawa a bayan haƙoran gaba inda ba a gani, ko kwasfa da ake sawa, da farko kusan kullum, daga baya da dare kawai, shekara da shekaru. Haƙoran gaba na ƙasa, irin na ƙanwarki, su suka fi kowanne saurin komawa.

Sannan in ɗayansu tana da wushirya kuma tana sonta, ta faɗa tun ranar farko. Tsarin kwamfuta da littattafan da muka karanta duk giɓi suke ɗaukarta, abin rufewa, kuma in ba a yi magana ba za a rufe ta. Ana iya jera sauran haƙoran a bar wushirya inda take. Idan za ku zo, ki sa ɗiyar taki ta goge baki sosai, ki riƙo duk wani tsohon hoton haƙori da aka taɓa yi mata, ki kuma tuna mini ko ta yi tsotson yatsa tana ƙarama da shekarar da ta daina.